Amfanin Tarihi da Harshe da Adabi a Zamanin Kwamfuta

A yau iyaye da yawa sun fi son 'ya'yansu su shiga ajin kimiyya. Dalilinsu a fili yake: samun aiki ya yi wuya, kuma suna ganin likita ko injiniya ba ya rasa abin yi. Ga shi kuma kwamfuta tana fassara, tana rubuta wasiƙa, tana amsa tambayoyi. Saboda haka wasu suke cewa, me ɗalibi zai samu a darussan tarihi da harshe da adabi?

Nijeriya ta taɓa ajiye ɗaya daga cikin waɗannan darussa. A shekarar 2009 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Yara da dama suka taso ba su san musabbabin yaƙin basasar da aka yi daga 1967 zuwa 1970 ba, sai abin da suka ji a bakin mutane. Masana suka yi ta kira a gyara, har a shekarar 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin dawo da darasin.

Amfanin tarihi na farko shi ne sanin kai. A zamanin mulkin mallaka, wasu Turawa sun ce Afirka ba ta da tarihi. Farfesa Kenneth Dike, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ibadan, yana cikin waɗanda suka ƙaryata wannan magana da hujja. Da ƙoƙarinsa aka kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Ibadan a 1954. Yau tana da rassa a Kaduna da Inugu.

Amfani na biyu shi ne tantance gaskiya. Mai nazarin tarihi ba ya karɓar labari sai ya tambaya: wa ya faɗa? Yaushe ya faɗa? Me yake nema? Labaran ƙarya suna yawo a waya kullum, kuma wasunsu kan haddasa rikici. Wanda ya saba da waɗannan tambayoyi ba a saurin ruɗinsa.

Harshe da adabi kuwa suna kusanto da jama'a. Shi ya sa manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta nemi kowane yaro ya koyi Hausa ko Ibo ko Yarabanci, ban da harshensa na gida. Ɗalibin da ya iya Hausa zai gaisa da maƙwabcinsa a Sabo ta Ibadan, ya yi ciniki a Kano, ya karanta littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ya gane abin da ke faranta wa Bahaushe rai da abin da ke ɓata masa.

Kimiyya tana gina asibiti da gada, amma mutane ne suke yanke shawarar inda za a gina su da wanda zai amfana. Kwamfuta za ta ci gaba da karɓe wasu ayyuka. Duk da haka, ƙasa mai harsuna fiye da 500 za ta ci gaba da bukatar malamai da alƙalai da 'yan jarida da tafintoci masu sanin jiya da iya sauraron juna.

Tambayoyi
1. Me ya sa wasu iyaye suka fi son ajin kimiyya?
2. Waɗanne tambayoyi mai nazarin tarihi yake yi?
3. Kawo amfani biyu na koyon harshen maƙwabta.