Wa suka tambaya a zango? Yadda mutum 2,400 ke magana da yawun miliyan 30

Duk lokacin da rediyo ta kawo sakamakon wani bincike, aka ce kashi kaza cikin ɗari na 'yan Gana sun ce rayuwa ta yi tsada, ko sun daina yarda da 'yan sanda, tambayar da nake ji a zango ɗaya ce: "To wa suka tambaya? Ni dai ba wanda ya zo ƙofata." Tambaya ce mai kyau, illa dai akasari ana yin ta ne don a kashe zance. Ya kamata mu bi ta har ƙarshe, domin da irin waɗannan alkaluma ake yanke shawarar inda za a kai asibiti, famfo da malaman makaranta.

Mu fara da adadin da ke ba mutane mamaki. Ƙidayar 2021 ta ce mu miliyan 30.8 ne a ƙasar nan. Afrobarometer, wadda cibiyar CDD-Ghana ke gudanar mata da aiki a nan, takan yi hira da manya 2,400 kacal, ta ce kuskuren sakamakonta bai wuce maki biyu sama ko ƙasa ba. Mutane kan ce ai wannan wasa ne, a tambayi miliyan ɗaya mana. Amurkawa sun gwada hakan. A 1936 wata mujalla mai suna Literary Digest ta aika takardu kusan miliyan goma, aka dawo mata da fiye da miliyan biyu, ta sanar cewa Alf Landon zai kayar da Shugaba Roosevelt. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta samo sunayen ne daga kundin masu tarho da masu mota da masu sayenta, ga kuma waɗanda suka ga damar amsawa daban suke da waɗanda suka jefar da takardar. Yawa bai gyara karkatar ba.

Mai sayen masara a kasuwar Techiman ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba. Ba ya zazzage buhu ya ƙirga ƙwaya. Ba ya kuma yarda da abin da ke bakin buhu, don ya san nan ake jera mai kyau. Yakan ɗibi kaɗan a sama, kaɗan a tsakiya, kaɗan a gindi. Ya raba buhun gida uku ke nan, ya tilasta wa kowane ɓangare ya ba da shaida. Abin da masana ƙididdiga ke kira ɗibar samfur rukuni-rukuni ke nan: a fara kasa jama'a zuwa rukunai, sannan a cikin kowane rukuni a fitar da waɗanda za a tambaya ta hanyar ƙuri'a, irin ta canki-canka, wadda ba son ran kowa a ciki.

Ga misali na kaina don a ga amfanin. A ce gari mai gida 1,000, guda 200 a zango suke. A zangon, gida takwas cikin goma sayen ruwa suke yi a jarka. A sauran garin gida ɗaya ne cikin goma. Gaskiyar lissafin garin baki ɗaya ita ce kashi 24 cikin ɗari. Yanzu a zuba sunayen gidajen duka a ƙwarya ɗaya a ciro 50. Ana sa ran goma su fito daga zango, amma ƙuri'a ba ta da alƙawari: yau za ta iya ba da biyar, gobe sha biyar. In biyar suka fito, sakamakon zai faɗo wajen kashi 17. In sha biyar ne, ya kai 31. Gari ɗaya, matsala ɗaya, amsa biyu masu nisa. To in aka yi ƙwarya biyu tun farko, aka ce goma daga zango, arba'in daga sauran gari, wannan lilon ya mutu. Abin da ya rage shi ne bambancin da ke tsakanin gida da gida a cikin kowane rukuni. Da kuɗi ɗaya, da ma'aikata ɗaya, an sami amsa mafi tsayuwa.

Wanda ya kafa wannan a kan hujjar lissafi shi ne Jerzy Neyman, ɗan ƙasar Folan, a wata maƙala da ya gabatar a Landan a 1934. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne misalin da ya kama. Wasu masana biyu a Italiya, Gini da Galvani, sun so su adana wani yanki na takardun ƙidayar 1921 ya wakilci sauran. Sai suka zaɓi gundumomi 29 cikin 214 da hannunsu, suka tabbatar matsakaicinsu ya yi daidai da na ƙasa a kan abubuwa bakwai. Da aka duba wasu abubuwan da ba su auna ba, sai aka ga samfurin ya kauce. Neyman ya nuna cewa gwanintar mai zaɓe ba ta maye gurbin ƙuri'a, domin ƙuri'a ce kaɗai ke ba ka damar lissafa girman kuskurenka. Ya kuma ƙara wata ƙa'ida da har yau ake kiranta da sunansa: rukunin da mutanensa suka fi bambanta da juna, shi ya cancanci a ƙara masa samfur. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Haka ake yi a nan gida. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2022, wanda aka fi sani da DHS, Hukumar Ƙididdiga ta Gana ce ta gudanar da shi. An ɗauki yankuna 16 na ƙasar, aka raba kowanne birni da karkara. Daga cikin ƙananan shiyyoyin da aka zana lokacin ƙidayar 2021 aka ciro 618, mu kira su gungu. A kowane gungu aka sake bin gidaje aka rubuta su, sannan aka fitar da 30. Daga ƙarshe an yi hira da mata 15,014 da maza 7,044. Daga bakin waɗannan ne aka san mata nawa ke haihuwa a asibiti, yara nawa suka sami rigakafi, nawa ke fama da ƙarancin jini.

Akwai wata dabara a nan da kan rikita mutane. Yankin Ahafo, wanda aka ƙirƙira bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2018, mutanensa ba su kai 600,000 ba, alhali Babbar Akra ta haura miliyan biyar. In da za a raba gungu 618 daidai da yawan jama'a, Ahafo ba zai sami fiye da goma sha ɗaya ba, kuma da wannan ba a iya faɗin wani abin kirki a kansa. Don haka ake ba ƙananan yankuna fiye da rabonsu, sannan in an zo haɗa lissafin ƙasa a rage wa amsoshinsu nauyi, a ƙara wa na Akra da Ashanti. Ba maguɗi ba ne. Amma ɗalibin da ya sauko da bayanan a kwamfuta ya manta da nauyin nan, to ya mayar da Gana wata ƙasa daban, mai ƙauye fiye da yadda take.

Sai kuma gungu, wanda shi ne ke cin ribar da rukuni ya kawo. Ba wanda ke da kuɗin tura mota ƙauye saboda gida ɗaya, shi ya sa in an je ake tambayar talatin. Matsalar ita ce maƙwabta kama suke da juna. Rijiya ɗaya suke sha, asibiti ɗaya suke zuwa, in kwata ta toshe duka ta shafa. Amsar gida na biyu ta riga ta ɓoye a cikin ta farko. Leslie Kish ya ba wannan suna da ma'auni a littafinsa na 1965, kuma lissafin mai sauƙi ne: a cire ɗaya daga yawan gidajen gungu, a ninka da gwargwadon kamannin maƙwabta, a ƙara ɗaya. In kamannin kashi biyar ne kawai cikin ɗari, gidaje kuma 30, sakamakon 2.45 ne. Ma'ana gida 1,000 da aka tambaya ƙarfinsu bai wuce na gida wajen 408 da aka ciro ɗai-ɗai ba. A kan tambaya irin ta ruwan sha ko wutar lantarki, kamannin ya fi haka nesa ba kusa ba.

To ta yaya ake sanin girman kuskure alhali sau ɗaya aka fita? Wannan ita ce tambayar da ta fi daɗe tana ba ni sha'awa. P. C. Mahalanobis na Indiya, lokacin da yake auna gonakin ramar saƙa buhu a Bengal wajajen 1940, ya kasa samfurinsa kashi-kashi, ya ba kowane kashi ayarin ma'aikata daban, ya sa su ratsa ƙasa ɗaya. In amsoshinsu sun yi kusa, hankali ya kwanta. In sun yi hannun riga, ko dai samfurin ya yi kaɗan ko wani ayari ya zauna gindin bishiya ya cike takardu. Yau kwamfuta ce ke kwaikwayon wannan. A wata hanya da John Tukey ya laƙaba wa sunan wuƙar aljihu a 1958, ana cire gungu ɗaya a sake lissafi da sauran, a mayar da shi a cire na gaba, har a zagaye duka. In cire unguwa ɗaya na girgiza sakamako, to sakamakon ba shi da ƙafa. Da wannan hanya rahotannin DHS ke auna kuskuren alkaluman haihuwa da mutuwar yara, kuma suna buga teburan a ƙarshen littafi, wurin da 'yan jarida, har da mu, ba mu cika leƙawa ba.

Yanzu mu zo gida. Maki biyun nan da ake faɗa na ƙasa ne baki ɗaya. Musulmi kashi 19.9 ne a ƙidayar 2021, don haka cikin mutum 2,400 ana sa ran wajen 480. Tazarar kuskurensu ta zama kusan maki huɗu da rabi, tun kafin a sa lissafin gungu. Kuma "Musulmi" ba ya nufin "ɗan zango". Manomi a ƙauyen Dagomba da tela a Nima da mai kanti a Aboabo salla ɗaya suke yi, amma matsalar haya, shara da aikin yi ba ɗaya ba ce. A ce mutanen zangunan kudu 150 suka faɗo cikin samfurin. Tazararsu maki takwas ce, in aka sa gungu ta kai goma. Saboda haka in kuka ga an rubuta cewa kashi 45 na mutanen zango sun ce kaza, sauran 'yan ƙasa kuma 38, wannan gibin ƙuri'a kaɗai za ta iya haifar da shi. Ban ga laifin masu binciken ba, su kan faɗi iyakarsu. Masu ɗauko lambar su yi kanun labari da ita ne ke yar da gargaɗin a hanya.

Ta fuskar ƙabila ma haka. Manyan rukunan da ake bugawa takwas ne: Akan, Mole-Dagbani, Ewe, Ga-Dangme, Gurma, Guan, Grusi da Mande. Bahaushe sai dai a neme shi a cikin "sauransu". Zango kuwa ba rukuni ba ne a tsarin yanki da birni da karkara. Nima da unguwannin masu kuɗi da ke maƙwabtaka da ita duk "birnin Babbar Akra" ne, ƙwarya ɗaya. Wannan shi ne ainihin garin nan mai gida 1,000 da na kwatanta, kuma a nan ƙa'idar Neyman take cizo: inda bambanci ya fi yawa, nan ne ya fi buƙatar a ware a ƙara samfur.

Akwai kuma kuskuren da babu lissafin da ke kama shi, kuma wannan namu ne. Gidan haya ɗaya a zango na iya ɗaukar iyali goma. In masu rubuta gidaje suka zo mai gida ya ce su uku ne, ko ya kore su don yana zaton haraji ne, iyalai bakwai sun fita daga ƙwarya tun kafin a jefa ƙuri'a. Na san tsoron yana da asali. Dattawanmu ba su manta da korar baƙi ta 1969 ba, kuma ma'aikaci mai takarda a hannu yana tambayar "daga ina kuka zo" ba abin maraba ba ne a wasu gidajen. Amma tazarar kuskure tana auna wasan ƙuri'a ne kawai, ba ta san da ƙofar da aka rufe ba. Bayan ƙidayar 2000, wadda ta sa Musulmi kashi 15.9, ƙungiyoyin Musulmi sun ƙi yarda da adadin suka ce an rage mu. Ko mene ne ra'ayin mutum kan wancan rikici, taswirar ƙidaya ita ce uwar kowane samfur da zai biyo baya har shekara goma. Wanda bai shiga ta ba, ba zai fito a bincike ba.

Abin da nake ganin ya kamata sarakunan zango, limamai da 'yan majalisar da ke wakiltar unguwanninmu su nema ba mai tsada ba ne. Hukumar Ƙididdiga ta riga ta mallaki taswirar kowace ƙaramar shiyya. A zauna da ita a sa wa shiyyoyin zango alama, a mai da su rukuni mai zaman kansa a bincike na gaba, a ba shi gungu isassu kamar yadda ake ba Ahafo, a daidaita da nauyi wurin haɗa lissafin ƙasa. Za a yi gardama kan inda zango ya fara da inda ya ƙare, musamman a wurare kamar Ashaiman da Madina inda aka cakuɗe, kuma gara a yi gardamar a kan taswira. Asusun Raya Zanguna da aka kafa da doka shi ya fi kowa buƙatar wannan: in ya gina famfo hamsin, da wane adadi zai nuna cewa masu sayen ruwa a jarka sun ragu, kuma da tazarar maki nawa?