Giris, Ƙura da Ƙusar da ke Riƙe da Tirela

Da kaka ta kama a kudancin Katsina, hanyoyin Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Ɗandume kan cika da taraktoci masu jan tirela, shaƙe da masara, dawa, waken suya ko auduga. Yankin ya daɗe a haka. Tun 1975, lokacin da aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe, taki da masara suka zama manyan kayan da ake jigila a nan. Mai tarakta ba ya wasa da man inji, yana duba taya, yana sauraren kukan inji. Wurin da aka fi mantawa da shi shi ne mahaɗin da ke tsakanin tarakta da tirela, alhali buhu 50 na masara mai kilo 100 tan 5 ke nan, kuma ƙusa guda ce ke jan su.

A mahaɗin nan ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Duk kwanar da aka sha, duk ramin da aka faɗa, duk burkin da aka taka, sai zoben tirela ya murza ƙusar. Aikin giris shi ne ya shiga tsakani, ya kuma hana ruwa zama ya kawo tsatsa. Wannan kowane makanike ya sani. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne yadda ƙurar hunturu da yashin hanyar gona ke lalata giris ɗin kansa. Yashi ya fi ƙarfen ƙusa tauri. Idan ya manne a giris, kowane motsi sai ya zama kamar ana goga wa ƙusar sanfefa. Saboda haka lafta sabon giris a kan tsohon da ya yi baƙi ya daskare ɓarnar kuɗi ce kawai. A fara goge tsohon da tsumma da ɗan kananzir, a bar wurin ya bushe, sannan a shafa sabo kaɗan. A ganina gogewar ta fi shafawar amfani, domin sai an goge ake ganin tsagewa a walda, ko ramin da ya buɗe ya daina zama da'ira, ko ƙusar da ta sirance a tsakiya.

Baƙin mai da aka juye daga inji, wanda wasu ke tsiyaya wa mahaɗi don ya fi araha, ba ya zama. Da rana ta yi zafi sai ya tsiyaye, ga shi dama yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe.

Sai maganar ƙusar kanta. An ƙera ta ne da ƙarfe na musamman, da rami a ƙasa inda ake sa makullin da zai hana ta yin tsalle ta fita. Idan ta ɓace a gona, abin da aka saba shi ne a laluɓo guntun rodi ko wani dogon noti a zura, a ce a lallaɓa zuwa gida. Lallaɓawar kan kai ƙarshen kaka. Rodin gini bai da ƙarfin jure irin wannan fizga, kuma ba shi da makulli, gargada kaɗan ta isa ta tura shi sama. Haka nan inda aka ɗaura tirelar ma abin dubawa ne. Masu ƙera tarakta sun sa sandar ja a ƙasa da gatarin tayoyin baya da gangan. Wanda ya ɗaura kaya mai nauyi a saman wannan layin, gaban tarakta na iya ɗagawa ta kife da baya cikin ƙasa da daƙiƙa 2, kafin ƙafar direba ta kai ga kuloci.

Manyan tireloli da ke ratsa Funtua zuwa Gusau da Sakkwato, ko suka nufi Katsina ta Malumfashi, nasu mahaɗin faifan ƙarfe ne a bayan kan motar, da ƙusa mai kaurin inci 2 da ke shiga cikinsa ta kulle. Buhun taki 600, wato tan 30, wani ɓangare na nauyinsa a kan faifan nan yake zaune. Idan faifan ya bushe, bodi ba ya son juyawa tare da kai. Direba zai ji sitiyari ya yi nauyi, motar tana neman miƙewa a kwana, kuma a jiƙaƙƙen titi wannan kaɗai na iya jefa ta rami. A nan rowar giris haɗari ce.

To amma akwai inda giris ke zama illa, kuma misalin yana nan manne a bayan motocinmu 'yan Kwatano. Ƙwallon ƙarfen nan da ake gani a ƙarƙashin bambar wasu motocin da aka kawo daga Turai, na jan tirela ne, kaurinsa milimita 50. Turawa na jan ƙananan tireloli da shi, suna kuma jan ɗakin kwana mai taya da suke tafiya hutu da shi. Ƙaramar tirela mai bakin ƙarfe zalla tana son a ɗan shafa wa ƙwallon giris. Shi kuwa ɗakin, da yake yana da tsawo da faɗi, iska na sa shi lilo a kan hanya. Don haka kamfanoni irin su AL-KO na Jamus suka ƙera mahaɗi mai wasu ƙananan fatu irin na burki a ciki, waɗanda ke matse ƙwallon su hana lilon. Gogayya ce aikinsu. Giris ya taɓa su, sun tashi daga aiki, sau da yawa sai an sauya su. Mai mota ɗaya da ke jan duka biyun dole ya shafa giris in zai ja tirela, ya kuma wanke ƙwallon tas in zai ja ɗaki. Ko fentin da ke jikin sabon ƙwallo sai an kankare shi.

Ba mu da irin waɗannan ɗakuna a Funtua, amma muna da kwatankwacin matsalar. Yaron mota mai ƙwazo da aka ba bindigar giris yakan cika kan gatari har ya yi ambaliya ya shiga cikin burkin tirela, fatun burki su jiƙe, a zo gangara da lodi a taka a ji wayam. Haka bel ɗin injin casar masara, shi ma a bushe yake aiki.

Wanda ke amfani da ƙwallon motarsa wajen jan injin ban-ruwa ko janareta, ya sani ƙwallon ma yana cinyewa. Ƙa'idar masu ƙera shi ita ce idan ya sauka ƙasa da milimita 49 a sauya shi, don bakin tirela na iya kuɓucewa. Milimita ɗaya ido ba ya ganinta, sai an sa ma'auni irin wanda masu gyaran inji ke da shi. Ga tarakta kuma, sarƙa biyu masu ƙarfi da aka gitta ƙarƙashin sandar tirela, aka ɗaure a jikin tarakta ba a jikin ƙusar ba, su ne za su tallafe sandar in ƙusa ta karye, kada ta caki ƙasa lodi ya wuntsila. A bar wa sarƙar sakin da zai isa a sha kwana, amma kada ya kai tana jan ƙasa.