Kuɗin Kallo Ya Tashi, Amma Faifai Na Nan A Kan Rufi

Duk wanda ya ratsa unguwannin Hausawa a Kurmi, kamar Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, zai ga faya-fayen tauraron ɗan'adam jere a kan rufin kwano, waɗansu har sun yi tsatsa. Tsadar rayuwa ba ta sauke su ba, sai dai ba dukansu ake biya wa kuɗin wata ba.

Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na cefane suka hau. Kamfanin MultiChoice mai DStv shi ma ya bi sahu. Babban tsarinsa, watau Premium, wanda yake naira 24,500 a watan Mayun 2023, ya kai 37,000 bayan shekara guda, ya kuma koma 44,500 a watan Maris 2025, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kamfanin da kansa ya ce ya rasa masu biya miliyan 1.4 a Nijeriya cikin shekara biyu zuwa Maris 2025.

To, amma magidanci ba ya rabuwa da kallo farat ɗaya. Da farko sai ya sauko ƙaramin tsari. In abin ya matsa, sai ya biya a lokacin gasar ƙwallon Ingila kaɗai, daga Agusta zuwa Mayu. Ɗan ci-rani kuwa, mai gadi ne ko ɗan dako a kasuwar Mile 12, gidan kallo yake zuwa ya biya kuɗin wasa ɗaya.

A gidan mai iyali maganar ta wuce ƙwallo. Uwargida tana nesa da danginta, ga yaran da aka haifa a Ikko bakinsu ya karkata ga Yarabanci da Turancin buroka. Tashar Africa Magic Hausa da Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, su ne ke kawo musu harshen gida har cikin ɗaki, kuma maigidan da ya katse Daɗin Kowa sai ya shirya jin ƙorafi. Da yake ana kama Arewa24 kyauta, wanda kuɗin wata ya gagara yakan sayi dikodar da ba a biya, a juya masa faifai.

Abin da ya fi kashe akwatin talabijin a gidajen nan shi ne ɗaukewar wutar Nepa, in ga janareta amma babu kuɗin mai.