HANYAR JAKI A DUWATSUN FARANSA: MASU BIYAN KUƊI SU YI TAFIYAR ƘASA

In aka ce wa mutumin karkara akwai waɗansu mutane masu mota a ƙofar gida, ga jirgin ƙasa a bakin garinsu, amma suna tara kuɗi don su je su yi kwana goma sha biyu suna tafiya a ƙasa, zai ce wannan tatsuniya ce. To, ba tatsuniya ba ce. A kudancin Faransa akwai wata hanyar ƙafa mai ratsa duwatsu da kwaruruka, tsawonta wajen kilomita 230, kamar daga Maraɗi zuwa Damagaram ke nan. Kowace shekara dubban mutane ke binta zango zango, suna kwana a masaukan ƙauye, jagora na gaba. Waɗansu ma da jaki suke tafiya. Kuma kuɗin waɗannan matafiya na cikin abin da ya hana ƙauyukan wurin mutuwa.

Mafarin abin

Sunan hanyar ya samo asali daga wani marubuci ɗan ƙasar Sikotilan, Robert Louis Stevenson. A shekarar 1878, yana da shekara 27, matar da yake so ta koma Amurka, zuciyarsa ta ɓaci, sai ya tafi wani ƙaramin gari na Faransa mai suna Le Monastier. A can ya sayi wata ƙaramar jakanya a kan faran 65 na zamanin da kofin barasa guda, ya sa mata suna Modestine. Ran 22 ga watan Satumba ya ɗora mata kaya, ya nufi kudu, wajen duwatsun Cévennes, waɗanda ake faɗin sunansu Seben.

Mutumin bai taɓa kora jaki ba, kuma jakanyar ta gane haka tun ranar farko. Ta yi ta tafiyar hawainiya, kaya na zamewa suna faɗuwa, mutanen hanya na yi masa dariya. Duk yaron da ya taɓa kai taki gona da mangala ya san ba a ɗaure kaya haka nan. Sai da mai masaukin da ya kwana a ƙauyen Le Bouchet ya ji tausayinsa, ya yi masa sanda mai tsinke a baki, sannan tafiya ta ɗan miƙe. Ran 3 ga watan Oktoba ya isa Saint-Jean-du-Gard. A shekarar 1879 ya buga littafin labarin tafiyar, kuma littafin nan ne ya ja mutane har yau. A 1994 masu masaukai da masu ba da hayar jakuna da sauran mutanen yankin suka kafa ƙungiya don kula da hanyar. Lambarta GR 70.

Yadda ake tafiyar

Mai son hutun nan yakan biya kuɗi tun daga gida ga masu shirya tafiya. Su ne za su kama masa wurin kwana a kowane zango, su haɗa shi da waɗansu matafiya, ayari ƙarami wanda ba ya cika wuce mutum goma sha biyar, su ba su jagora. Jagoran nan ba kowa ba ne: tun 1976 gwamnatin Faransa ta sa takardar shaida ta musamman ga masu wannan aiki, sai mutum ya yi horo ya ci jarrabawa. Aikinsa kusan na madugu ne. Shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a huta, shi ke duban sama ya ce yau ba za a hau dutse ba.

Da safe, bayan an sha kofi da burodi, kowa ya ajiye babban kayansa a bakin ƙofa. Wata mota takan bi masaukai tana kwashe kayan zuwa zango na gaba, matafiyi kuwa ya rataya ƴar jakarsa mai ruwa da abincin rana da rigar ruwa. Ana yin kilomita 15 zuwa 25 a yini. Hanyar na da alama: ja da fari, layi biyu, an shafa bisa duwatsu da itatuwa da bangon gidaje. Inda aka gicciya su, ma'ana ba nan ba ce hanya. Yawancin masu sabunta fentin nan ƴan sa kai ne, ba a biyansu.

Masu jaki tafiyarsu ta fi gajarta, don jaki ba ya wuce kilomita uku ko huɗu a awa. Mai ba da haya ba ya sakin dabbarsa sai ya koya wa baƙo yadda ake share mata kofato, da yadda ake daidaita kaya dama da hagu, kuma ba ya yarda a ɗora mata fiye da kilo 40. Sanda mai tsinke kuwa an daina zancenta. Mai jakin da ke ɗauko itace daga daji zai ce jakunan Seben sun samu duniya.

Da la'asar a isa masauki. Wani ƙaramin otel ne, wani gidan manomi ne da aka gyara, wani kuwa ɗaki guda ne mai gadaje da yawa. Takalma a bakin ƙofa, masu bororo a ƙafa na neman magani. Da dare kowa da kowa a tebur guda, likita da mai tuƙin kamyo da ɗan makaranta, ana cin abin da ƙasar ke bayarwa: miya, naman tunkiya, cukun awaki. Ƙarfe goma ba ta yi sai gida ya yi tsit.

Me ya ba su lokaci? Tun 1936 doka ta ba ma'aikacin Faransa hutun mako biyu da albashinsa, a 1982 ya kai mako biyar. Mutumin da ya shekara zaune a biro gaban kwamfuta, tafiyar ƙasa ita ce hutunsa.

Daga gulbi zuwa gulbi

Ranar farko hanya takan gangara zuwa ƙauyen Goudet, inda ake ƙetare Luwar, gulbin da ya fi kowane tsawo a Faransa, sama da kilomita 1000, amma a nan bai wuce ƙorama ba. Daga nan a hau tudu mai baƙar ƙasa ta tsohon dutsen wuta, inda ake noman wani ƙanƙanin koren wake da ya yi suna. A Langogne a ƙetare gulbin Allier a shiga ƙasar Gévaudan, ƙasar daji da sanyi. Nan ne wata dabba, da mutane da yawa ke cewa kyarkeci ce, ta kashe mutum wajen ɗari tsakanin 1764 da 1767, yawancinsu mata da yara masu kiwo. Kuma nan ne dare ya yi wa Stevenson cikin ruwan sama, ya ɓata, ya ƙwanƙwasa wani gida yana roƙon a nuna masa hanya ko da biya ne, mai gidan ya ƙi fitowa. Ya kwana a daji. Jagorori na son ba da wannan labari, don yana nuna amfaninsu.

Gaba kaɗan akwai gidan ibada na Kirista masu zuhudu, Notre-Dame-des-Neiges, inda Stevenson ya sauka. A 1890 Charles de Foucauld ya shiga wannan gida, shi ne wanda daga baya ya zauna cikin Abzinawan Hoggar, ya tara ƙamus na Tamashek, aka kashe shi a Tamanrasset a 1916. Mazan gidan sun tashi a 2022, mata masu zuhudu suka gaje su.

Ranar da kowa ke jira ita ce ta hawan dutsen Lozer. Ƙololuwarsa, Finiels, mita 1699 ce, watau ba ta kai Bagzan na Abzin ba, mai mita 2022. Amma kada tsawo ya ruɗi mutum. Saman dutsen fili ne fetal, ba itace ba gida, kuma hazo kan rufe shi cikin ɗan lokaci har mutum ba ya ganin na gabansa. Shi ya sa mutanen da suka kafa dogayen duwatsu a jere, matafiyi ya bi daga wannan zuwa wancan. A ƙauyukan gindin dutsen kuma akwai ƴan hasumiyoyi masu ƙararrawa, waɗanda ake kaɗawa dare da rana in guguwar dusar ƙanƙara ta taso, don wanda ya ɓata ya bi sauti. Duk da haka, a watan Janairu 1941 wata malamar lakwal da ƴar'uwarta sun mutu cikin irin wannan guguwa suna komawa ƙauyen da take koyarwa.

Hanyar hawan nan burtali ce ta asali. Tun zamanin kaka da kakanni makiyaya ke kawo tumaki daga ƙasar zafi ta kudu a watan Yuni, su gangara da su in sanyi ya matso. A 2011 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin kayan gadon duniya sabili da wannan kiwo. Zaman makiyayi da ɗan yawon hutu ba kullum ba ne lafiya. Baƙo kan bar ƙofar shinge a buɗe, ko ya ratsa tsakiyar garke don ɗaukar hoto, ga manyan fararen karnuka da aka ƙara ajiyewa tun da kyarkeci ya komo Faransa a 1992. Rabin aikin jagora a nan shi ne hana mutanensa ɓata wa masu wuri rai, don wani sashe na hanyar cikin filayen mutane yake bi, kuma da yardarsu.

Bayan dutsen sai gangara zuwa Le Pont-de-Montvert, bakin gulbin Tarn. A garin nan ne, ran 24 ga watan Yuli 1702, talakawa Kirista ƴan Furotesta suka kashe wani babban fada na Katolika da ke tsare ƴan'uwansu, bayan sarki Luwi na 14 ya haramta addininsu a 1685. Yaƙi ya tashi, sojan sarki suka ƙone ɗaruruwan ƙauyuka. Mutanen Seben ba su manta ba har yau.

Daga Florac hanya na bin tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka rufe a 1968, tsohuwar tashar Cassagnas ma ta koma masauki. In aka haye tudu na ƙarshe, ruwa ya canza alƙibla: yawancin gulaben baya tekun Atlantika suke zuwa, Gardon kuwa Bahar Rum. Gulbin nan da rani yaro ma na ƙetare shi, amma da kaka abin tsoro ne. A ranakun 8 da 9 ga Satumba 2002 an auna ruwan sama fiye da milimita 600 cikin kwana guda a Anduze, kusa da ƙarshen hanyar, watau ya fi abin da Maraɗi ke samu a damina guda. Sama da mutum 20 suka rasu.

Ƙauyukan da suka zama kufai

Duk wanda ya bi kwaruruka na kudu zai ga gangaren duwatsu an jera musu katangu hawa hawa don tare ƙasa, aikin da manoman Adar da Keita za su gane nan take. A kansu aka dasa itacen shatenye, wanda ƴaƴansa busassu su ne hatsin talakan Seben, ana shanya su bisa hayaƙi cikin ƴan ɗakuna na dutse. Kuɗi kuwa daga kiwon tsutsar siliki ake samu. Sai cuta ta faɗa wa tsutsar wajen 1850, har Louis Pasteur ya zo Alès a 1865 don binciken ta. Wata cutar ta kama itatuwan. Samari suka tafi haƙar kwal da aikin birni, yaƙin 1914 ya cinye waɗansu. A 1881 jihar Lozer na da mutum sama da 140,000, yau ba su kai 80,000 ba, kuma babu jihar da ta kai ta ƙarancin jama'a a Faransa. Katangu da yawa sun zube, daji ya rufe gonaki.

A irin wannan wuri, mutum goma sha biyar masu neman gado da abincin dare ba ƙaramin abu ba ne. Su ne ke sa mai burodi ya ci gaba da hura tanda, mai awaki ya sayar da cukunsa a ƙofar gida ba tare da dillali ba, matasa su sayi kufai su gyara. Matafiyin ƙasa ya fi mai mota amfani ga ƙauye, don mai mota wucewa yake yi, shi kuwa dole ya kwana inda ƙafarsa ta gaji.

Sai dai cinikin na lokaci ne. Daga watan Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba ake samunsa, sauran shekara masaukai da yawa a rufe suke. Kuma abu ne mai saurin tsayawa. Jagororin Agadas da masu raƙuman Timiya da Bagzan, waɗanda Nasaru ke zuwa yawon ƙafa wajensu, sun ga haka bayan tawayen 2007. Mutanen Seben sun ɗanɗana nasu a 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka hana fita daga 17 ga Maris zuwa 11 ga Mayu. Sa'arsu, a watan Satumba na shekarar aka fito da wani fim na ban dariya, labarin wata malama da jakinta bisa wannan hanya, jama'a suka yi ta kwararowa, har a tsakiyar lokaci sai an kama gado tun watanni kafin tafiya. A ƙananan zango, inda gadaje ba su da yawa, wanda bai yi haka ba sai ya ƙara gaba da gajiyarsa.

A Saint-Jean-du-Gard ayari ke watsewa. Nan ne aka duba Modestine aka ce ba ta iya ci gaba, Stevenson ya sayar da ita da sirdinta a kan faran 35, ya yi asarar 30. Ya shiga keken doki zuwa Alès, kuma shi da kansa ya faɗa cewa a hanya ya yi mata kuka. Jakunan yau ba a sayar da su. Mai su kan zo da mota mai tirela ya maida su gida, inda wani baƙon ke jiran a koya masa ɗaurin kaya.