Yadda Ƙwaƙwalwa Take Tattalin Ruwan Jiki

Ƙodar ɗan Adam guda biyu sukan tace ruwa kimanin lita 180 daga cikin jini a kowace rana, amma fitsarin da yake fita bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Sauran duk ƙoda takan mayar da shi cikin jini. Mai yanke hukunci a kan yawan abin da za a mayar kuwa ba a ciki yake ba, a ka yake, a wani ɗan wuri da ke ƙasan ƙwaƙwalwa wanda likitoci suke kira haifotalamas.

Jiki yana da hanyoyi biyu na aika saƙo. Akwai jijiyoyin da suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka, waɗanda saƙonsu yakan yi gudun da ya kai mita 100 a cikin daƙiƙa guda. Akwai kuma waɗansu sinadarai da ake kira homon, waɗanda ake zuba su cikin jini su bi shi sannu a hankali har su iske gaɓar da aka nufa. A haifotalamas ne hanyoyin nan biyu suka haɗu. Ƙwayoyin jijiya da ke wurin su da kansu suke haɗa wani homon mai suna basofiresin, su tura shi zuwa wata 'yar tsoka da take reto a ƙarƙashinsu, watau fituwitari, wadda girmanta bai wuce na ƙwayar wake ba. A can ake ajiye shi sai an bukace shi.

Idan mutum ya yi gumi da yawa bai sha ruwa ba, gishirin jininsa yakan ƙaru. Ƙarin kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ya isa ƙwaƙwalwa ta farga. Nan da nan sai a saki basofiresin, ya bi jini ya isa ƙoda, ya buɗe waɗansu ƙananan ƙofofi a jikin bututunta, ruwa ya riƙa komawa. Shi ya sa fitsarin mai azumi da la'asar yakan zama kaɗan, ga shi ja. Ba ciwo ba ne, tattali ne. Wannan yanki na ƙwaƙwalwa kuma shi ne yake ta da ƙishirwa, domin tattali kaɗai ba ya mayar da ruwan da ya riga ya tafi.

Dabbobi ne suka tona wa masana wannan asiri. Cikin shekarar 1947 wani masani a Kambirij ta Ingila, E. B. Verney, ya ba da labarin yadda ya zuba ruwan gishiri a babbar hanyar jinin da take hawa zuwa kan kare, sai fitsarin karen ya ragu. Bayan 'yan shekaru, wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Suwidin, Bengt Andersson, ya ɗiga ruwan gishiri a cikin haifotalamas na awaki. Akuyar da ta riga ta ƙoshi da ruwa sai ta koma ta dinga sha kamar wadda ta kwana biyu a hamada. Shi kuma Vincent du Vigneaud na Amurka ya gano ginin sinadarin, aka ba shi lambar Nobel a 1955.

Amfanin basofiresin yakan fito fili ga wanda ya rasa shi, alal misali saboda rauni a ka ko ƙari kusa da fituwitari. Irin wannan majinyaci yana iya yin fitsarin da ya haura lita 10 a rana, fari fat kamar ruwa, ba ya rabuwa da buta da moɗa dare da rana. Sau da yawa akan zaci ciwon sukari ne, alhali babu sukari a fitsarinsa. Yanzu akwai maganin da yake maye gurbin homon ɗin.

Akwai wani abin mamaki har wa yau. Mai ƙishirwa yakan ji ta kwanta tun ruwan yana maƙogwaro, alhali sai an ɗauki mintoci kafin ruwan ya shiga jini. Jijiyoyin baki da na maƙogwaro ne suke riga jini kai labari, ƙwaƙwalwa ta yi lissafin abin da ke tafe.

To, amma wannan ma'auni yana tsufa tare da mai shi, kuma a nan haɗarin yake. A wani gwaji da aka yi a Okusfod, aka buga sakamakonsa a 1984, an hana dattawa masu lafiya da samari shan ruwa na sa'a 24. Jinin dattawan ya fi nuna ƙarancin ruwa, duk da haka ba su ji ƙishirwa kamar samarin ba, da aka kawo ruwa kuma ba su sha abin da zai ishe su ba. Ƙodarsu ma ba ta iya tattali kamar ta samarin ba.

Wannan ya shafi duk wanda yake da tsoho a gida a Yamai ko Injamena ko Khartum lokacin bazara, ya kuma shafi masu rakiyar iyaye zuwa Saudiyya. A aikin hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin ƙasar kuma suka ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301, da yawansu tsofaffi. A irin wannan rana mai tafiya a ƙasa yana iya zubar da gumi fiye da lita guda a sa'a. Idan dattijo ya ce ba ya jin ƙishirwa, gaskiyar abin da yake ji ya faɗa, amma ba shaida ba ce cewa jikinsa yana da ruwa. Saboda haka likitoci sukan ce a dubi yawan fitsarinsa da launinsa, a lura ko ya fara jiri ko maganarsa ta soma rikicewa, a kuma riƙa miƙa masa ruwa a kai a kai ba tare da jiran ya tambaya ba.