Tsohuwar A-kori-kura da Hunturu

Yara, babu wanda bai san a-kori-kura ba a cikinku. Ita ce ƙaramar motar nan mai mazaunin direba a gaba, da buɗaɗɗen baya inda ake zuba kaya. An ce ta samo sunanta ne daga kura, watau keken dakon nan da majiya ƙarfi ke turawa da hannu. Da motar ta zo ta karɓe aikin, sai mutane suka ce ai ta kori kura.

A cikin birnin Kano tana da amfani ƙwarai, gama hanyoyin tsofaffin unguwanni matsattsu ne. An shata su tun lokacin da jaki da raƙumi ne ke dako. Kasuwar Kurmi ma an kafa ta tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Babbar mota ba ta iya kutsawa irin waɗannan wurare, amma a-kori-kura takan lallaɓa ta shiga. Aikinta ya fi yawa da kaka, sa'ad da ake kwaso gero da dawa da wake daga ƙauyuka zuwa gidaje, ko zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau a kan hanyar Katsina. To, a daidai lokacin nan kuma hunturu ke shigowa, daga wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu.

Sabuwar mota tsada gare ta, don haka yawancin mutane ta hannu suke saye. Wani sai ya sayar da shanunsa, wani ya kwashe jarinsa kaf. In ya yi sa'a, motar ta ciyar da iyalinsa. In kuwa ya kwaso ruɓaɓɓiya, ya shiga uku, kullum yana gareji.

Mai hankali yakan zaɓi irin motar da kayan gyaranta ba su da wuyar samu. Peugeot, wadda muke kira Fijo, daga Faransa ta fito, a 1960 aka soma ƙera samfurin 404. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, har makanikan ƙasar nan suka san cikinta kamar yunwar cikinsu. Toyota Hilux kuwa daga Japan take, an soma yin ta a 1968. Wanda ya je kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da kayan mota, ya tambaya, zai gane wace ce kayanta suka fi samuwa.

Ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya tafi da makanikin da ya amince da shi, kada ya dogara da bakin dillali, gama dillali la'adarsa yake nema. Ya kuma tafi da sassafe, tun ba a tā da injin ba. Dalili kuwa shi ne, injin da ya yi zafi yakan ɓoye ciwonsa, amma mai sanyi ba ya iya ƙarya. Makaniki zai fara ɗora hannunsa a kan injin ya ji ko an riga an ɗumama shi. Sa'an nan ya ce wa mai motar, "Alhaji, a tayar mu ji." Shi kuwa sai ya zagaya baya ya tsaya yana duban salansa.

Me yake dubawa? Hayaƙi. In hayaƙin shuɗi-shuɗi ne, injin yana ƙona baƙin mai, alamar cikinsa ya cinye ke nan, gyaransa kuwa da tsada. In baƙi ne, fetur ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sau da yawa wannan ƙaramin gyara ne. In kuwa fari ne mai kauri, wanda bai daina fita ba ko bayan injin ya yi zafi, to, ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Ɗan tururin da ke fita da sanyin safiya ya ɓace nan da nan, wannan ba kome ba ne.

Daga nan sai ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashin motar. Sabon fenti kyan ɗan maciji ne, gaskiyar mota tana ƙasa. A ƙasashe masu tsananin sanyi, kamar Kanada da Jamus, ƙanƙara takan rufe hanya, sai su barbaɗa gishiri don ta narke. Gishirin nan yana cin ƙarfe. Saboda haka tsohuwar motar da aka kawo daga can tana iya zama tas a sama, alhali tsatsa ta cinye ƙashin bayanta. Irin wannan in aka ɗora mata buhuna, wata rana sai ta karye a hanya.

Abu na ƙarshe kafin a biya kuɗi shi ne takardu. A gwada lambar da ke jikin motar da wadda ke cikin takarda, a ga sun yi daidai, a kuma yi ciniki gaban shaidu. Wanda ya sayi motar sata, ko bai sani ba, ya yi asarar mota da kuɗi, ga kuma zuwa wurin 'yan sanda.

To, an saya. Saura a shirya ta don hunturu.

Babbar abokiyar gabar inji a wannan lokaci ita ce ƙura. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso Hamadar Sahara. Mai yawa daga cikin ƙurar tana tasowa ne daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Cadi, inda a zamanin da can akwai babban tafki, ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Kun ga yadda take sa ku tari, ta kuma sa ƙafafunku faso? Inji ma numfashi yake yi, don fetur ba ya ci sai da iska. Saboda haka aka sa masa matatar iska, wadda ke tare ƙura kamar yadda rariya ke tare tsaki. In ta toshe, mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa shan mai. Wani direba in ya ga haka sai ya cire ta ya yar, wai don mota ta sami iska. Wannan wauta ce babba, gama ƙurar za ta shiga ciki ta gauraya da baƙin mai, ta riƙa goge ƙarfe kamar dutsen wāshi. A sa sabuwa, a riƙa kakkaɓe ta, a juye tsohon baƙin mai a zuba sabo.

Sanyi kuma batir yake kamawa. Ƙarfin batir yana raguwa in gari ya yi sanyi, baƙin mai kuma yana yin kauri, sai juya inji ya yi nauyi. Shi ya sa da asubar hunturu kukan ga direba yana roƙon yara su tura masa mota. A goge kawunan batir, a duba fulogi, in batirin ya tsufa a sake shi. Sanyinmu dai bai kai ya daskarar da ruwan lagireto ba, kamar yadda yake yi a Rasha. Duk da haka a duba kada ya riƙa yoyo. Ku kuma ku kiyaye, ba a buɗe murfin lagireto in inji yana da zafi, don tafasasshen ruwa zai yi tsalle ya ƙona fuskar mutum.

Taya da birki su ne ran mutanen da ke ciki. Taya tana da shekaru, an kuwa rubuta su a gefenta da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Ku gwada karantawa a jikin motar da ke kusa da gidanku. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai suɗe ba, takan bushe ta tsattsage, ta fashe da kaya a kanta.

Sai fitilu. Wata rana hazo kan yi kauri har jiragen sama su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. A irin ranar nan direba ba ya hango nesa, waɗansu kuma ba sa hango shi. Lalle ne fitilun gaba da na baya su kasance suna ci, gilashi kuma a goge shi tas. A cikin hazo gajeriyar fitila ake kunnawa, gama hasken doguwa yakan bugi ƙurar ya komo wa direba cikin ido. Ya rage gudu, ya bar rata tsakaninsa da na gabansa, kada ya yi ƙoƙarin wuce wata mota alhali bai ga abin da ke tafe ba. In kuwa hazon ya fi ƙarfinsa, sai ya sauka daga kan titi sosai, ya tsaya, ya jira rana ta ɗaga.