Amanar Kuɗin Aiki: Darasin Motoci 25 Na Yola

Ranar 6 ga watan Maris na 2017, Babbar Kotun Jihar Adamawa da ke Yola ta yanke wa tsohon Gwamnan jihar, Mista Bala James Ngilari, hukuncin ɗaurin shekara 5 ba tare da zaɓin biyan tara ba. Hukumar EFCC ce ta kai ƙara, kuma maganar duk ta rataya ne a kan wata kwangila ta sayen motoci 25 a kan kuɗi sama da Naira miliyan 167. Alƙalin kotun, Mai Shari'a Nathan Musa, ya ce an ba da kwangilar ba tare da an bi ƙa'idojin dokar ba da kwangila ta jihar ba.

Maganar ba ta tsaya nan ba. A watan Yuli na wannan shekarar, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke zama a Yola ta soke hukuncin, ta ce ba a kawo hujjar da ta isa ba, ta sallami Ngilari ta kuma wanke shi. Amma duk da haka shari'ar ta bar wa jama'a abin tunani, domin mutumin da ya riƙe jiha daga Oktoban 2014 zuwa Mayun 2015 ya kwana a gidan yari a kan tambaya guda: shin kuɗin nan ta hanyar da doka ta tsara suka fita?

Wannan tambaya ba ta gidan gwamnati ce kaɗai ba. Ita ce ke gaban manajan kamfani, da akantan ofis, da direban tirela, har da yaron da maigidansa ya ɗora a kan shanu daga Ngurore zuwa Agege.

INDA ƁARNA KE FARAWA

Kasafin kuɗi alkawari ne. Shugaban kowane sashe na kamfani yakan rubuta abin da aikinsa zai ci a shekara mai zuwa, hukumar daraktoci ta duba ta sa hannu. Bayan an kashe kuɗin kuma sai a kawo bayani tare da rasit. A waɗannan gaɓoɓi biyu ne, watau wajen nema da wajen bayani, amana ke tsayawa ko ta karye.

Wajen nema, dabarar da aka fi sani ita ce aringizo. Mai sashe ya san aikinsa Naira miliyan 10 zai ci, sai ya rubuta miliyan 15. In an tambaye shi sai ya ce ai ya san manya za su zaftare, gara ya sa da yawa. Su manyan kuma da suka gane haka sai su riƙa zaftare na kowa, har na wanda ya rubuta gaskiya. A ƙarshe mai gaskiya ne ke shan wuya, shekara ta zagayo shi ma ya koyi aringizon.

Ta biyu ita ce rububin ƙarshen shekara. Da yake ana rage wa sashe kasonsa na baɗi in bai cinye na bana ba, sai a ga watan Disamba ya kama ana ta sayen kujeru da labule da tayoyin da ba a bukata. Ta uku kuwa ita ce daddatsa kwangila. In doka ta ce aikin da ya wuce adadi kaza sai an yi talla 'yan kwangila sun yi takara, sai a raba aiki ɗaya gida huɗu, kowane kashi ya gaza adadin, a miƙa wa wanda ake so.

Wajen bayani kuma, abin ya fi kama da ɗigar ruwa. Ma'aikaci ya zo Jimeta aiki daga Legas, ya sauka gidan ɗan'uwansa a Dougirei ko Karewa, amma ya koma da rasit ɗin otal na kwana 5. Direba ya sha man Naira dubu 40, ya roƙi yaron gidan mai ya rubuta dubu 60. Wani ya karɓi kuɗin tafiya taron da bai je ba. Kowanne a cikinsu gani yake ɗan kaɗan ne, kamfani ba zai ji ba. Amma in mutum 100 suka yi haka kowane wata, ribar shekara ta tafi, sai a wayi gari ana maganar rage ma'aikata.

ABIN DA YA SAMI CADBURY

Mazauna Legas sun san kamfanin Cadbury da ke Ikeja, mai yin Bournvita da alewar Tom Tom. A ƙarshen 2006 aka gano cewa an yi shekaru ana kumbura lissafin kamfanin, har abin ya kai kimanin Naira miliyan dubu 13. Aka sallami manajan darekta da darektan kuɗi. Hukumar kula da hannayen jari ta ƙasa, watau SEC, ta yi bincike, a 2008 ta ci tarar kamfanin da kuma kamfanin oditocin da ke duba masa littattafai.

Yadda aka yi abin shi ne darasin. Ana tura wa dilolin kamfani kayan da suka fi ƙarfin cinikinsu a rubuta an sayar, alhali kayan za su dawo. Ana ɗage rubuta kuɗin da aka kashe bana zuwa wata shekara don riba ta fito da ƙiba. Hukumar ta kuma ce akwai wani asusu a ƙasar waje da ba ya cikin littattafan kamfani, wanda ake biyan wasu daraktoci daga cikinsa ba tare da yardar kwamitin da ke yanka albashinsu ba. Waɗanda suka kwana ciki su ne ƙananan masu hannun jari, waɗanda suka sayi hannun jarin bisa ribar da babu ita sai a takarda. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Ba Nijeriya kaɗai ba ce. A Amurka, kamfanin Enron ya rushe a 2001 bayan ya daɗe yana ɓoye basussukansa, ya kuma ja kamfanin oditocinsa, Arthur Andersen, suka nitse tare. Wannan ne ya sa a 2002 aka kafa dokar da ta tilasta wa shugaban kamfani da babban jami'in kuɗinsa su sa hannu da kansu cewa lissafin gaskiya ne.

BA BAƘON ABU BA NE A YOLA

Kada wani ya zaci rubuta lissafi al'adar Turawa ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Malamai kuma sukan kawo labarin wani mai karɓar zakka a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, aka nuna masa cewa da ba don aikin ba, ba wanda zai kawo masa kyautar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya ba Modibbo Adama tuta, ya soki al'adar kai wa masu mulki gaisuwa a littafinsa Kitabul Farƙi.

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841. Da Kamfanin Neja ya iso ta kogin Binuwai, an daɗe ba a bar shi ya kafa kanti a tudu ba, a cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a ruwa yake ciniki. Bayan Turawa sun ci Yola a 1901, Jimeta ta bunƙasa ta zama tashar jiragen ruwa, inda ake lodin gyaɗa da auduga da fatu da damina in kogi ya kawo. A wancan zamani, akawun kanti da ma'ajin Baitulmalin En'e sun san odita na iya saukowa ya ƙirga har sisin kwabo.

Da kuɗin man fetur suka shigo, sai gwamnati ta shiga kafa manyan kamfanoni. Kamfanin sukari na Savannah da ke Numan, wanda aka kafa a 1971, aka kuma gina madatsar ruwa ta Kiri a 1982 don ban ruwan rakensa, bai kai ga yawan sukarin da aka tsara masa ba a hannun gwamnati, har aka sayar wa Ɗangote a 2003. Dalilan suna da yawa, amma kowa ya san cutar kamfanonin gwamnati na wancan lokaci a faɗin ƙasar nan: dukiyar da ake cewa ta kowa ce, ba ta da mai tambaya.

TSAKANIN MAIGIDA DA YARONSA

'Yan Arewa mazauna Kudu ba sa bukatar a fassara musu wannan magana. Falken da ke Sabo a Ibadan, ko mai shanu a Agege, ko mai hatsi a Mile 12, duk da amanar wani yake cin abinci. An loda shanu a Mubi ko Ngurore, an biyo ta Numan da Jalingo da Wukari, yaro ya iso ya zauna gaban maigida yana lissafi: kuɗin mota kaza, haraji kaza, la'ada kaza, abin da aka bayar a shingayen hanya kaza. Yawancin waɗannan ba su da rasit, bakin yaron ne kawai shaida.

Nan ma laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Maigidan da ba ya yanka wa yaronsa lada tsayayye, ya bar shi ya nemi nasa a cikin kuɗin hanya, shi ya koya masa aringizo. Haka kamfanin da ke riƙe wa ma'aikaci kuɗin tafiyarsa wata 6, ko ya ɗora wa manaja cinikin da ba zai yiwu ba ya ce in bai kai ba a bakin aikinsa.

ABIN DA KE MAGANI

Dokoki dai akwai su. Akwai dokar ba da kwangila ta Tarayya ta 2007, da dokar da ta kafa majalisar kula da rahoton kuɗi a 2011. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce kowane kamfanin da jama'a ke da hannun jari a ciki sai ya kafa kwamitin binciken kuɗi mai mutum 5, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa gudanar da aikin yau da kullum. A Disamban 2016 kuma Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin ba da tukuici ga wanda ya fallasa satar dukiyar gwamnati.

Amma ƙaramin ɗan kasuwa ba sai ya jira doka ba. Kada mai neman kuɗi ya zama shi ne mai amincewa kuma shi ne mai biya. A yanka kuɗin kwana da na abinci tun kafin tafiya, kowa ya sani. A rubuta komai ranar da aka kashe shi, ko da a littafin makaranta ne, da boko ko da ajami. A raba aljihun maigida da akwatin kanti. A biya yaro haƙƙinsa a kan kari. Wanda kuma ya kawo rarar kuɗi ya mayar, a yaba masa a gaban jama'a, kada a rage masa kason baɗi don ya yi gaskiya.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maigidan da ke son yaransa su kawo masa lissafin gaskiya, to ya fara da buɗe nasa littafin a gaban abokan jarinsa.